Jar Barandar Shikulu Lombe

Akwai wani dattijo a layinmu, Layi na Tara, cikin tsohuwar unguwar 'yan haƙar tagulla a nan Zambiya. Sunansa Lombe Kapembwa, amma yaro da babba Shikulu Lombe suke ce masa, wato kakan kowa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shiga ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fito da shi tari ne, da ciwon gwiwa, da gida mai ɗaki uku irin wanda kamfani ya sayar wa ma'aikatansa lokacin da zai tattara ya tafi.

Gidajen layinmu duk zubi ɗaya ne. Bulo ɗaya, rufi ɗaya, 'yar baranda a gaba. Amma ko baƙo ne ya shigo, a kan gidan Shikulu idonsa zai fara sauka, saboda barandar.

Kun san mace da barandarta a unguwanninmu. Da sassafe a share, a shafa jan mai, a durƙusa a goge da burushi, a bi da tsumma har daɓen ya ɗauki ido. Matarsa Belita, wadda muke kira Bana Nkweto da sunan ɗansu, ita ce gwanar layin. Shi kuwa shekara arba'in yana yi mata tsiya.

"Wannan man da kike ƙararwa a ƙasa, da kifi kike saya mana da kuɗinsa da yanzu na yi tumbi."

Ita kuma sai ta ce, "Ɗaga ƙafarka, Bashi Nkweto. Baƙo ba ya taka busasshen daɓe a gidana."

Da Allah ya yi mata rasuwa, bayan 'yan zaman makoki sun watse, ya tarar da gwangwanin man a bayan ƙofa. Saura rabi, ga sawun yatsunta uku kwance a ciki. Ya rufe shi ya ajiye, ya je kanti ya sayo sabo.

Washegari muka gan shi durƙushe da burushi. Namiji, da furfurarsa. Mun yi dariya, ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba. Muka ce sati guda zai yi ya gaji. Shekara shida ya yi bai fasa ko rana ɗaya ba.

Abu guda muka lura da shi, amma ba mu tsaya tunani a kai ba. Tun da ta rasu, babu wanda ya ƙara wuce barandar nan. Nan zai fito maka da kujera, nan za ku gaisa, nan zai sallame ka.

To, sai shekarar da hukumar gari ta tashi sabunta harajin gidaje.

Ga yadda suke yi, don wanda bai sani ba. Gidajen sun yi yawa, ma'aikata kaɗan ne, ba za su iya bin kowa ba. Sai su zaɓi gida uku a kowane layi, su ƙiyasta abin da kowanne zai yi idan aka sa shi a kasuwa, su haɗa, su raba uku. Abin da ya fito shi ne ƙimar kowane gida a layin, kuma a kai ake yanka wa kowa haraji. Ke nan gida ɗaya zai iya ɗaga layi gaba ɗaya, ko ya sauke shi.

Wadda ta kawo mana labarin ita ce Bana Mpundu, maƙwabciyar Shikulu ta hannun dama. Bazawara ce mai suyar fanke a bakin tasha, tana riƙe da jikoki huɗu, kuma muryarta daga Layi na Bakwai ake jin ta. Ta tara mu a gindin mangwaro.

"Ranar Laraba masu ƙiyasi za su zo, kuma ba wanda ya san gidan da za su zaɓa. Don haka kowa ya talauce! Mai eriya ya sauke. Mai furanni ya kai su baya. Ke Bana Chongo, labulen nan naki mai ƙyalli ki cire shi, ki rataya buhu."

"Buhu kuma? Surukaina fa za su zo ranar Asabar."

"Ki mayar ranar Juma'a. Surukanki ne za su biya miki harajin?"

Ranar Talata da yamma da kun ga layinmu da kun zubar mana da hawaye. Tsofaffin tayoyi a kan rufi, tsummoki a kan shinge, kwali a taga. Wani har tsohuwar gawar mota ya jawo ƙofar gidansa. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba.

Shikulu yana wurin taron, ya ji komai. Amma abin da ya zauna masa a kunne guda ne: baƙo zai zo. Ranar Laraba tun gari bai gama wayewa ba ya goge barandar sau biyu. Ya daidaita shinge da almakashi, ya sake shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Ya fito da kujera, ya ajiye jug na munkoyo mai sanyi da kofi a kife a kan faranti, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci.

Da hantsi motar hukuma ta shigo. Wata budurwa ta fito, doguwa, da tabarau da takardu a hannu. Daga baya muka san sunanta Namakau Sitali, kuma shekararta ta farko ke nan a aikin. Ta tsaya a gida mai lamba huɗu, ta tsaya a na Bana Mpundu, sannan ta tsaya a bakin shingen Shikulu.

Ya miƙe ya cire hula. "Sannu da zuwa, 'yata. Shigo ki zauna, ki sha abu mai sanyi."

"Na gode, Baba. Layi goma sha biyu ne a gabana yau."

"Ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Mun gaisa ai, Baba."

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton gidan, ta yi rubutu, ta koma mota. Ko ƙofar shingen ba ta taɓa ba. Ya daɗe a tsaye da hularsa a hannu, sannan ya kwashe kofin ya shiga ciki.

Bayan wata biyu aka kafe takardun a ofishin hukuma. Bana Mpundu ce ta je ta gano mana, don ita ko ba ta iya dogon karatu ba, lamba ba ta ɓace mata. Ta dawo ko zaninta ba ta gyara ba.

An ɗaga Layi na Tara zuwa ajin gidajen bakin kwalta. Harajin kowa ya kusa ninkawa. Gida na huɗu da nata an ba su ƙima daidai misali. Na Shikulu kuwa an rubuta masa "gida mai cikakkiyar kulawa", aka ba shi kusan ƙimar su biyun a haɗe.

Ba ta wuce gida ba, shingensa ta nufa, mu kuma muka bi ta.

"Shikulu! Fito ka ga aikinka! Mun ce kowa ya talauce, kai ka tashi ka yi wa gida kwalliyar amarya. To ga shi an aurar da mu duka!"

Ya fito yana share hannu. "Bana Mpundu, ni daɓe kawai na goge."

"Daɓen nan naka ne ya cinye mana abincin yara! Fanke nawa kake so in soya? Kai kaɗai ne a gida, mu muna da bakuna!"

Maganar nan ta ƙarshe ta shige shi, na gani a fuskarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Me kuke so in yi?"

Doka ta ba da damar kai ƙorafi, a sake turo mai ƙiyasi. Muka rubuta, kowa ya sa hannu, aka ba mu rana bayan sati uku. Sharaɗin da muka gindaya wa tsohon shi ne ya ajiye burushi. Kafin ranar barandar ta dushe, ta koma kamar ta kowa.

Ya dubi daɓen, ya dubi jikokin Bana Mpundu da suka leƙo ta shinge. Ya ce, "To. Saboda yaran."

Da muka ga kwana uku sun wuce jan bai dushe ba, don man shekara arba'in da shida ba ya fita da wuri, sai muka zuba masa toka. Ni na kawo tokar daga murhuna. Ina faɗa muku ne don kada ku ɗauka ina gefe ina kallo. Yana tsaye muka watsa, muka bi da tsintsiya, bai ce uffan ba. Bana Mpundu ta karɓe sabon gwangwaninsa ta tafi da shi, wai kada shaiɗan ya zuga shi.

Daga ranar Shikulu ya daina fitowa da safe. Mutumin da muke sa agogo da ƙarar burushinsa, sai rana ta take kake jin tarinsa a ciki. Kujerar ta daina fitowa. Na aika masa da tuwon masara da miyar ganyen kabewa, kwanon ya dawo da fiye da rabi. Ranar Lahadi ba a gan shi a coci ba.

Mun gani, amma kowa ya ce a ransa, saura kwana kaɗan ne.

Ranar da mai ƙiyasin za ta dawo, an kwana ana ruwa. Da asuba Bana Mpundu ta fito da kaskonta za ta tasha, sai ta hango shi ta shinge. Yana zaune a ƙasa a kusurwar barandar, daidai inda Belita take zama ta tsince wake. Ya share tokar wurin da tafin hannunsa, fili bai fi faɗin faranti ba. Tsohon gwangwanin yana buɗe a cinyarsa. Bai taɓa man ba, kallon sawun yatsun kawai yake yi. Yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki yi haƙuri. Yau ma akwai baƙuwa, kuma za ta tarar da shi haka. Gobe zan gyara."

Bana Mpundu ta faɗa mini da bakinta cewa ƙafafunta ne suka ƙi tafiya. Shekara goma sha ɗaya da mutuwar mijinta, har yau takalmansa na aiki suna ƙarƙashin gadonta, kuma duk wata sai ta kakkaɓe su.

Ta dire kaskon. Ta koma gida ta ɗauko bokiti da tsintsiya da gwangwanin da ta karɓe, ta tura ƙofar shingen.

"Matsa, Shikulu."

"Bana Mpundu, ban shafa komai ba, wallahi. Duba ki gani."

"Na ce ka matsa. Rufe na hannunka ka adana, ga naka na kawo."

Ta ɗaure zani ta durƙusa. Ƙarar burushin ce ta fito da ni. Na ce, "Ke, kin haukace? Yau fa za ta zo!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Su ninka sau uku in sun ga dama. Ki tsaya nan kina kallona, ko ki ɗauko tsumma? Ke ce ai mai tokar."

Na ɗauko tsumma. Bana Chongo ma ta zo. Kafin hantsi barandar ta dawo ja wur, mu kuwa hannuwanmu kamar na mahauta. Mazan layi suna tsaye daga nesa suna cewa mata sun kashe mu.

Da motar ta tsaya, Namakau ta fito ta dubi gidan, ta dubi takardarta. "Wannan ne gidan da kuke ƙorafi a kai? Ai ga shi nan yadda na rubuta."

Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Bana Mpundu ta sha gabanta.

"'Yar nan, wace ƙasa kika fito da ake yi wa dattijo magana ta saman shinge? Uwarki haka ta koya miki? Ki yi sallama, ki shigo, ki zauna. Idan kin sha ruwa sai ki rubuta abin da za ki rubuta."

Yarinyar ta yi turus. Ina ganin an daɗe ba a yi mata irin wannan magana ba. Amma 'yar mutunci ce a ƙasan tabarau ɗin. Ta yi sallama, ta goge takalmi, ta rusuna ta gaishe shi, ta zauna. Ya zuba mata munkoyo hannunsa yana rawa.

Tana cikin sha sai ta karkata kunne. Ɗis. Ɗis. Ɗis.

"Baba, famfo ne aka bari a buɗe?"

"A'a. Ruwan jiya ne bai gama sauka ba."

"Zan iya shiga in gani?"

Ya yi shiru. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda zai cece shi. Sannan ya tashi ya buɗe ƙofar da shekara shida ba ta buɗu wa kowa ba.

Jama'a, na shiga gidaje da yawa a rayuwata, amma ranar nan na ji kunyar kaina.

Bokiti biyar a falo, da tukunya, da bahon wanki, kowanne yana tarar ruwa. Silin ya rufto gefe guda. A ɗakin kwana bango ya tsage daga sama har ƙasa, tun zamanin da ake fasa dutse a ƙarƙashinmu, tsagar da hannu zai shige. Ya tokare shi da itace biyu. Ɗaki na uku ba ya shiguwa. Katifarsa tana kicin, a ɗan wurin da ba ya yoyo, an ninke bargo tsaf.

Babu wanda ya yi magana. Can Bana Mpundu ta juyo, muryar nan tata duk ta shige.

"Shikulu, katanga ɗaya ce tsakanina da kai. Me ya hana ka faɗa?"

"Kowa da nasa. Kuma Nkweto yana can yana fama da iyalinsa, ba na so ya ji." Ya ɗan yi murmushi. "Ita dai Belita daɓe ta ce kada baƙo ya taka a bushe. Ba ta bar mini saƙo a kan rufi ba."

Namakau ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu. Ta auna tsagar, ta ɗauki hoton bokitan, ta fito ta zauna a bakin barandar tana rubutu. Sannan ta ce mana:

"Iyayena, bari in faɗa muku gaskiya. Tayoyinku da buhunanku ba su ruɗe ni ba. Duk layin da na shiga haka nake tararwa, har da gawar mota. An koya mana mu kau da kai daga irin wannan. Abin da ya ruɗe ni barandar nan ce. Na ga ja, na ce mai wannan gida ba ya rasa komai. Alhali mahaifiyata ɗaki ɗaya take haya, kuma haka take goge ƙofarta kullum. Ni ya kamata in fi kowa sani."

Ta juya ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ka kira ni ranar nan, na ƙi."

"Tashi, 'yata. Ai ga shi kin zo. Ƙarasa abin shanki."

Ta ce yanzu sai ta shiga sauran gidaje biyun ma, don ba za ta sake rubuta abin da ba ta gani ba. Nan muka dubi Bana Mpundu, saboda duk layin an san tana da ɗakuna biyu na haya a bayan gida, waɗanda ta kāre da buhuna da karan masara ranar Laraba.

Ta yi tsaki ta miƙe. "Me kuke kallo? Taho, 'yar nan, in nuna miki da kaina kafin munafukai su riga ni. Amma ki rubuta cewa ɗaya daga cikin 'yan hayar tari yake yi da dare."

Da sabuwar takarda ta fito, gidan Shikulu ya faɗo ƙasa da na kowa, ya jawo layin gaba ɗaya ya koma ajinsa na da, har da ɗan sauƙi. Mutum ɗaya ne nasa ya ƙaru: Bana Mpundu, don ɗakunan haya daban ake yanka musu, a kan mai su kaɗai. Wata guda tana mita, har masu sayen fanke sun haddace.

Amma ita ce ta nemo lambar Nkweto ta wanke shi tas a waya. Ya iso ranar Juma'a da kwanon rufi a bayan mota, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ranar Asabar mazan da suka ce mata sun kashe su suka hau rufin. Mai gawar motar nan ashe magini ne na gaske, shi ya ɗinke bangon.

Shikulu yana nan da ransa, sai dai gwiwoyin sun ƙara tsufa. Ran da suka yarda, shi yake gogewa. Ran da suka ƙi, za ka gan shi a kujera da tsohon gwangwanin a cinya, Bana Mpundu tana durƙushe da burushi kafin ta wuce tasha.

Shekaranjiya na wuce na ji yana ce mata, "Wannan man da kike ƙararwa, da kifi kika saya wa jikokinki."

Ta ce, "Ɗaga ƙafarka, Shikulu."

Ya ɗaga. Ya juya fuskarsa wajen shinge don kada ta gani, amma ni na gani.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci daga bakin shinge, ko kai ma'aikaci ne ko maƙwabci. Wanda ka ga ƙofarsa tana sheƙi, wataƙila ita kaɗai ta rage masa, kuma ba ka san dalilin da ya sa yake riƙe da ita ba. Ka yi sallama, ka shiga, ka zauna, ka tambaya. Mu dabararmu ba ta rage mana ko sisi ba, gaskiyar da ke bayan ƙofa ce ta fisshe mu. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, sannan yau ɗin nan kowa ya leƙa tsohon da ke layinsu.